Fankar da Ta Tsaya a Obin ɗin Raliya

Gashua, Litinin 6 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Ibram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Yakaka da duk mutanen gida. Yaya ƙafar da aka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin ƙarshen damina da ya taɓa yara, ya kuma sake su.

Kawu, Raliya ce, 'yar marigayiya Fanna, wadda babanta da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne. Rabona da kai tun zaman makokinta, shekara biyar ke nan, kuma ina jin kunya a ce sai da matsala ta same ni na neme ka. Na kira Inna Yakaka a waya, ta ce tun da sanƙarau ya ɗauke maka ji ba ka yarda a yi maka tafinta a maganar gyara, in rubuta a takarda in ba Sabitu direba, tunda kullum yana zuwa Nguru.

Sana'ata kek ce. Ina da obin na gwanjo mai amfani da gas, amma a bangonsa na ciki akwai fanka da take aiki da wutar sola, ita take zagaya zafin. Yau kwana huɗu ta daina juyawa. In na kunna sai dai ta yi ta gurnani. Kek ɗin da yake baya ya ƙone, na gaba ya fito da ɗanyen ciki. Wani mai gyara ya zo ya leƙa, ko sukuru ɗaya bai kwance ba, ya ce injin ya ƙone, ba a samun irinsa, in kira 'yan gwangwan su ɗauka.

Hajiya Mardiyya mai kanti a bakin jami'a, wadda nake kai wa kullum da safe, ta fara karɓa a wurin maƙwabciyata Sa'adiya. Ta ce min, "Raliya, ba don na ƙi ki ba, amma ɗalibai ba sa jira." Kuma na riga na yi alkawarin kek ɗin walimar saukar karatu ranar Asabar 18 ga wata. Maigidana Usama yana koyarwa a Yusufari, sai ƙarshen wata zai zo.

Don Allah ka gaya min gaskiya, in ba zai gyaru ba in san abin yi.

'Yarka,
Raliya

Nguru, Talata 7 ga Oktoba

Raliya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Yakaka tana amsawa. Ƙafa da sauƙi, sai dai ba ta kai ni nesa. Maganar kunya ki bar ta. Ni ma ban nemi sanin inda kike ba, kuma ni ne babba.

Kada ki kira 'yan gwangwan. Na yi shekara talatin ina aikin lantarki, ban taɓa ganin injin da ya ƙone ƙurmus yana gurnani ba. Gurnanin nan yana nufin wuta tana zuwa masa, yana so ya juya, wani abu ya riƙe shi.

Kafin ki taɓa komai ki rufe tukunyar gas, ki zare filogin daga soket. Ban ce ki kashe makunni ba, cewa na yi ki zare, ki ga filogin a ƙasa da idonki. Ki bari obin ya huce. A bangon ciki za ki ga faranti mai huji-huji, sukuru huɗu ko shida suke riƙe da shi. Ki kwance su ki zuba a kofi kada su ɓata. Bayan farantin za ki ga farfelar fankar. Ki tura ta da yatsa. Mai lafiya tana zagayawa sau uku ko huɗu da turi ɗaya. In ta yi nauyi, to maiƙo ne ya daskare a sandar da take hawa.

In haka ne sai ki cire ta. Noti ɗaya ne a tsakiya. Ki riƙe farfelar da tsumma don bakinta yana yanka, ki sa sifana ki juya notin DAMA, zai kwance. Na zana miki a bayan takardar nan.

Ki rubuto min abin da kika gani, ba abin da kike zato ba.

Kawunki,
Ibram

Gashua, Laraba 8 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Takardarka ta sanyaya min rai, na karanta ta sau uku.

Na yi yadda ka ce. Bayan farantin nan abin kunya ne, maiƙo ya yi baƙi kamar kwalta. Farfelar kuwa da ƙyar take motsawa, sai na sa ƙarfi. Gaskiyarka.

Amma notin ya ƙi. Na aro sifana wurin mai facin bakin layinmu, na yi ta fama tun hantsi har azahar, hannuna ya yi kanta, ko gezau. Kamar ma ƙara tauri yake. Na ga ka rubuta dama, sai na san kuskuren alƙalami ne, don duk abin da na taɓa kwancewa a duniya, daga murfin kwalba har ƙafar keken ɗinki, hagu ake yi. Saboda haka hagu na yi. Zanen ma kibiyarsa dama ta nufa, na ce ko ta bayan obin ka zana.

Ko tsatsa ce ta cinye shi? In sa guduma?

Raliya

Nguru, Alhamis 9 ga Oktoba

Raliya,

Muna lafiya.

Kada ki kusanci obin ɗin nan da guduma. Ba tsatsa ba ce, ke ce kika yini kina ɗaure shi. Notin fanka zarensa a juye yake, da gangan aka yi shi haka don kada juyin farfelar ya kwance shi. Dama na rubuta, da manyan baƙaƙe, dama kuma nake nufi, yadda hannun agogo yake tafiya.

Kunnena ne ya mutu, ba kaina ba. Shekara huɗu ke nan mutanen da na gyara wa janareta da rediyo tun suna samari suke wuce ƙofar shagona su kai wa wasu, in na yi magana su kalli Yakaka su ga ko daidai na faɗa. Ban zaci za a bi ni da wannan har cikin takarda ba.

Ki ɗiga masa kananzir kaɗan, ki ba shi rabin awa, ki juya dama. In ya fita ki kai farfelar tsakar gida ki wanke da ruwan zafi da omo. Sandar ki goge ta tas, ki ɗiga baƙin mai sabo ɗigo biyu a gindinta. Ki goge duk kananzir ɗin, ki bar ƙofar obin a buɗe har warin ya fita kafin wuta ta zo kusa.

Ibram

Gashua, Juma'a 10 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Wallahi da na karanta takardarka sai da na zauna a bakin ƙofar kicin na sake karanta ta. Ban yi niyyar raina ka ba, amma abin da na yi raini ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Ka yafe min don darajar marigayiya mahaifiyata.

Na juya dama. Da farko ya yi gardama saboda ɗaurin da na yi masa, sai na ji ƙas, ya saki. Ni kaɗai a kicin na yi ta dariya. Na wanke, na goge, na ɗiga mai, na mayar. Yanzu turi ɗaya tana zagayawa sau biyar. Da na sa filogi ta tashi, gurnanin ya tafi.

Sai dai murnata ba ta kai la'asar ba. Na zuba kek tire ɗaya na gwaji. Da obin ya yi zafi sosai, kamar bayan minti goma sha biyar, sai ta tsaya cak, wannan karon ba gurnani, shiru kawai. Na ɗan bugi gefen obin ɗin sai ta tashi, can ta sake tsayawa. Kuma ina jin wani wari kamar na roba tana ƙuna, kaɗan dai, daga baya yake fitowa. Ina tunanin in lallaɓa haka, in riƙa bugunsa, in samu in fita kunyar masu walima.

'Yarka,
Raliya

Nguru, Asabar 11 ga Oktoba

'Yata Raliya,

Gaisuwa. Magana ta wuce, ni ma na yi zafi fiye da kima. Yakaka ta ce da ta ga takardar kafin ta tafi da ta yage ta. Kin yi aiki mai kyau.

Yanzu ki saurara. Kada ki sake kunna obin ɗin nan, ko don walimar wa. Fankar da take tsayawa shiru ta tashi in an buga, wuta ce take yanke mata, wato akwai wayar da ta saki. Wayar da ta saki tana tartsatsi, tartsatsi yana narka roba, warin da kike ji ke nan. A irin obin ɗinki kuma tiyon gas ta bayan nan yake bi.

Ki rufe tukunya, ki cire ta gaba ɗaya ki fitar da ita waje. Ki zare filogi. Ki jawo obin daga jikin bango, ki kwance murfin bayansa. Za ki ga injin fankar da wayoyi biyu suna shiga. Ki bi kowacce da ido har ƙarshenta, ki duba inda ta yi baƙi ko ta narke. Ki duba tiyon shi ma. Kada ki gyara komai tukuna, ki zana min abin da kika gani, ko zanen bai yi kyau ba.

Ina jiran amsarki gobe.

Kawunki,
Ibram

Nguru, Talata 14 ga Oktoba

Zuwa ga Raliya, ko duk wanda ya buɗe takardar nan a gidanta,

Assalamu alaikum. Ni ne Ibram na Nguru, kawunta. Don Allah wanda ya karanta ya ba da amsa ta hannun Mai, ɗan kasuwar kifin da ya kawo ta, ko kalma biyu ce.

Kwana uku ban ga takarda ba, ban ga Sabitu ba. Yau da hantsi wasu 'yan kifi da suka zo daga Gashua suna hira a ƙofar shagona, na ga fuskar Yakaka ta canja. Na ce mene ne, ta ce ba komai. Sai da na rantse mata sannan ta rubuta min a kwali: jiya da rana an yi gobara a gidan wata mai kek a Gashua, gas ne ya kama, an kai matar asibiti. Ba su san sunanta ba. Unguwar da suka faɗa ita ce unguwarku. Yakaka ta kira lambarki ya fi sau ashirin, a kashe.

Raliya, ni na ce ki jawo shi daga bango. Ni na ce ki buɗe bayansa, inda gas yake bi, ina zaune a nan ban ga obin ɗin da idona ba. Da ma cewa na yi ki rufe kicin ki jira a samo wanda zai duba. Son a ce har yanzu na iya ne ya sa na yi ta aika miki umarni. In wani abu ya same ki ban san da wane ido zan kalli 'ya'yanki ba.

Yakaka ta ɓoye min sanda don kada in fita da ƙafar nan. Gobe da safe zan shiga mota, da sanda ko babu.

Ibram

Gashua, Laraba 15 ga Oktoba, da sassafe

Kawu,

Ina nan da raina, lafiyata ƙalau, ni da yara. Ba gidana ba ne. Ka zauna, don Allah kada ka taso. Mai yana tsaye a ƙofar gida yana jira, shi ya sa rubutun ya karkace.

Gidan Sa'adiya ne, katanga ɗaya tsakaninmu. Ranar Litinin bayan azahar ina shanya na ji ihu, na ga hayaƙi. Tiyon gas ɗinta ne ya tsage, ta kyasta ashana wuta ta bi shi. Allah ya taimaka ta yi ta maza ta jefa jiƙaƙƙen bargo ta rufe kan tukunyar, amma kicin ɗin ya tafi, rufi da komai, hannunta na dama kuma ya ƙone zuwa gwiwa. An sallame ta jiya. Wayata tana ɗaure a bakin zanina, wajen ɗiban ruwa ta faɗa cikin duro, ban ma sani ba sai da wuta ta mutu. Lambar Inna Yakaka a cikinta take, ban haddace ba.

Na rubuto maka tun ranar Lahadi na ba Sabitu. Ashe shata ya samu zuwa Kano, takardar tana cikin motarsa har yanzu. Ni kuma ina nan ina cewa ko wani laifin na sake yi ka yi shiru.

Ga abin da na rubuta a ciki. Na buɗe bayan obin kamar yadda ka ce. Ɗaya daga wayoyin fankar ta saki daga mazauninta, da ƙyar take taɓawa. Robarta ta narke tsawon yatsa, jan ƙarfen a waje. Kuma Kawu, a kan tiyon gas take kwance. Wurin da ta taɓa ya yi baƙi ya yi laushi, na danna da farce ya lotsa. Ranar Lahadi da na gani ban ɗauke shi wani babban abu ba, haushin ɓata lokaci ma nake ji. Sai ranar Litinin da yamma, bayan na dawo daga ganin kicin ɗin Sa'adiya, na sake durƙusawa na kalli tiyon nan. Ni da nake shirin in yi kwana biyu ina gashi ina bugun gefensa, yara suna wasa a bakin ƙofa.

Ka ce kai ka sa ni buɗewa. E, kai ne. Da ba ka sa ni ba, ban san gidan wa 'yan kifi za su ba da labari ba. Ka daina zargin kanka.

Zanen yana baya. Ka yi haƙuri, injin ya fito kamar kwaɗo.

'Yarka,
Raliya

Nguru, Laraba 15 ga Oktoba

'Yata,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

A tasha takardarki ta same ni. Na riga na zauna a gidan gaba da jakata a cinya, saura mutum biyu mota ta cika, sai na ga Mai yana ɗaga takarda yana tsallake kayan mutane. Layin farko kawai na karanta. Na sauko na zauna a bencin mai shayi, ya yi ta yi min magana ban san me yake cewa ba, ƙarshe dai ya miƙo min ruwa. Yakaka da ta biyo ni da sandar da ta ɓoye ta karɓi takardar ta karanta, ta yi kuka, sannan ta yi min faɗa a gaban 'yan kamasho. Wannan karon na gode Allah da ba na ji.

Ki gai da Sa'adiya, Allah ya ba ta lafiya, ya mayar mata da alheri.

Zanenki ya isa. Cikin ledar nan akwai waya mai rigar zare wadda zafi ba ya narkawa, na riga na matse mata kawuna a ɓangarorin biyu, turawa kawai za ki yi har ki ji ta kama. Ki cire tsohuwar gaba ɗaya, kada ki naɗe ta da baƙin tef, tef ba ya jure zafin obin. Ki bi da sabuwar ta sama, ki ɗaure ta da siririyar wayar da na sa, ta yi nesa da tiyo kamar faɗin tafin hannu. Akwai sabon tiyo da maɗaurai biyu. Tsohon ki yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ki zubar, kada wani ya tsinta ya yi amfani da shi.

In kin haɗa, kafin ki sa filogi ko ki taɓa ashana, ki kaɗa omo a kofi ya yi kumfa, ki buɗe gas, ki shafa a duk mahaɗa da jikin tiyon. In kika ga kumfa tana hurowa tana girma, yana yoyo, ki rufe ki sake ɗaurewa. In ta kwanta shiru, ki yi bisimilla.

Notin nan in za ki ƙara matse shi, hagu ne. Na san kin sani.

Kawunki,
Ibram

Gashua, Lahadi 19 ga Oktoba

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna Yakaka. Ina fatan tafiyar tasha ba ta tayar da ƙafar ba.

An yi walima, an ci kek. Ranar Alhamis na haɗa komai, kumfa ta kwanta shiru, na kunna. Na ja kujera na zauna a gabansa da agogo. Minti goma sha biyar ta wuce, rabin awa ta wuce, awa guda, fankar tana ta aikinta. Tiren farko ya fito ja iri ɗaya daga gaba har baya. Tun da na sayi obin ɗin nan bai taɓa gashi haka ba.

Ranar Juma'a Sa'adiya ta shigo da hannunta a naɗe, ta tsaya a bakin kicin. Ka san kwanakin baya gaisuwarmu ta yi sanyi saboda maganar kanti. Na ce, "Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa." Ta ce, "Wari nake jin tsoro, Raliya. Ko ashana aka kyasta sai gabana ya faɗi." Sai na ɗauko kofin omo na nuna mata abin da ka koya min, ta shafa da hannun hagu, ta daɗe tana kallo. Daga nan ta zauna tana jera min takardun kek a tire har muka gama. Mun je wurin Hajiya Mardiyya tare. Mun shirya kafin Sa'adiya ta gyara kicin ɗinta za ta riƙa gasa nata a nan da rana, ni da safe, kantin kuma mu raba kwanaki.

Ita ta baza labarin kumfar. Jiya bayan walima mata shida na layinmu suka sa ni zagaya kicin ɗinsu da kofi a hannu. Biyu sun yi kumfa, ɗaya ma har da ƙara. Na rufe musu tukwane na ce kada wadda ta kunna sai na ji daga Nguru. Tiyon da ake sayarwa a nan siriri ne, ba irin naka ba. Ko za a samu guda biyu?

Kwalin da Sabitu zai ba ka na tiren farko ne. Ya dawo daga Kano yana ta ba da haƙuri.

'Yarka,
Raliya

Nguru, Litinin 20 ga Oktoba

Raliya,

Muna lafiya, ƙafa ta yi kumburi kwana biyu ta sace.

Tiyo uku ne a ledar, ki ba Sa'adiya ɗaya ta ajiye. Ki tambayi matan nan shekara nawa nasu ya yi, duk wanda ya haura biyu a canja shi ko bai yi kumfa ba.

Sabitu ya kawo har da takardarki ta waccan Lahadin da ta bi shi Kano, duk ta sha man gyaɗa. Na karanta ta duk da haka.

Kek ya iso. Na yanka ɗaya na duba cikinsa, ya gasu har tsakiya. Yakaka ta ce sukari ya yi yawa. Ta ci uku.

Kawunki,
Ibram